Ƙungiyoyin Mata Ba Aure Suke Rabawa Ba

An daɗe ana cewa a Gusau duk matar da ta kai kukanta wurin ƙungiyar mata, to aurenta ya mutu, wai zuga ta za su yi ta nemi saki. Wannan magana tana ci mini rai, domin ba haka abin yake ba.

Matar da ta shigo da kumburarren ido, goyo a baya, ruwa ake fara ba ta, a kai ta asibiti. Sannan a nemi waliyyinta da liman ko mai unguwa a zauna sulhu. Sai duka ya ƙi ƙarewa ake raka ta gaban alƙali, kuma fiƙihun Malikiyya da kotunan Zamfara ke bi ya ba macen da ake cutarwa damar neman a raba.

Masu cewa ƙungiyoyin mata baƙon abu ne daga Turawa su tuna FOMWAN, haɗaɗɗiyar ƙungiyar mata Musulmi ta Najeriya, tun 1985 take aiki.

Galibin wahalar ma ba ta aure ba ce. Zawarawan da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyuka ne, ana haɗa musu adashi da jarin ƙuli-ƙuli, ana sa 'ya'yansu makaranta.