Me Ake Nufi da Hayayyafa a Tsare?

Idan aka ce maciji ko kunkuru ko kwaɗo an haife shi a tsare, ana nufin uwarsa da ubansa sun yi barbara a hannun mutane, cikin keji ko akwatin gilashi ko wani fili da aka killace, can aka saka ƙwan, can aka ƙyanƙyashe shi. Wanda aka kamo daga daji aka kulle bai shiga wannan lissafi ba, ko da ya shekara goma a keji.

Yarjejeniyar CITES, wadda aka sa wa hannu a birnin Washinton a 1973 don sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ta ba wannan bambanci muhimmanci sosai. A takardar izinin fitar da dabba akwai harafin da ke nuna asalinta: W na wadda aka kamo daga daji, R na wadda aka ɗebo ƙwanta ko 'ya'yanta daga daji aka rene su, C kuma na wadda aka haifa a tsare. Kafin gonar kiwon irin waɗannan dabbobi ta cancanci harafin C, sai ta nuna za ta iya samar da jikoki ba tare da komawa daji neman sababbin iyaye ba.

Ƙaramar mesar nan da ke dunƙulewa idan ta tsorata ta isa misali. Gana da Togo da Benin sun daɗe suna fitar da ita zuwa Amurka da Turai, inda ake ajiye ta a gida don sha'awa. Mafarauta na tono ramuka su kamo mata masu ciki, a ajiye su har su zuba ƙwai, galibi kamar shida, a ƙyanƙyashe a sayar da 'ya'yan. Wannan reno ne, har yanzu daji ake tatsa. Mai kiwo na gaskiya kuwa yana da iyayen a hannu, yana jera ƙwan cikin akwati mai ɗumi da laima, zafinsa kusan digiri 31, ya jira wata biyu. A kada da yawancin nau'o'in kunkuru kuwa zafin ne ke yanke ko namiji zai fito ko mace.

Babbar ɓarnar ita ce ƙarya a takarda. Ana kamo dabba daga daji a rubuta mata harafin C, ta wuce ba tambaya. Babban kunkurun Sahel, wanda ake samu a Nijar da Mali da Chadi da Sudan, an hana fitar da na dajinsa don kasuwanci tun 2000, ga shi yana yaɗuwa sosai a hannun masu kiwo a Amurka, amma a ƙasarsa ta asali yawansa raguwa yake yi. Ni dai ban yarda a kira kowane kiwo ceto ba, sai wanda ya rage farautar da ake yi a daji.

Inda wannan aiki ya fi nuna amfaninsa shi ne wajen halittar da ta kusa ƙarewa. A Tanzaniya akwai wani ɗan ƙaramin kwaɗo ruwan ɗorawa da aka gano a 1996 a kwazazzabon Kihansi, cikin tsaunukan Udzungwa. Duniyarsa kaf ba ta wuce hekta biyu ba, wato iya inda feshin ruwa mai gangarowa daga dutse ke jiƙa ciyawa. Ba ya ma saka ƙwai, 'ya'ya yake haifa. Da aka gina madatsar wutar lantarki, aka karkatar da kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan, wurin ya fara bushewa. A 2000 aka kwashi kwaɗi kusan 500 zuwa gidan zoo na Bronx a Niyok, daga baya na Toledo ya shiga aikin. Kwaɗin da suka rage a daji suka ruguje a 2003, a daidai lokacin da wata cutar fumfuna ta shiga wurin. Cuta ce mai cin fata, kwaɗo kuwa ta fata yake shan ruwa. A 2009 aka ayyana cewa babu shi a daji.

Waɗanda aka tsare ne suka riƙe irin. Ma'aikata suka riƙa fesa musu ruwa, suna kiwon ƙananan ƙwari don ciyar da su, har suka kai dubbai. A 2010 aka mayar da guda 100 Jami'ar Darussalam, a 2012 kuma aka fara sakin su a kwazazzabon. Sai dai ruwan da ke jiƙa wurin yanzu ta bututun feshi yake zuwa, madatsar tana nan, kawar da fumfunar daga daji kuma abu ne mai wuyar gaske, shi ya sa ba a daina kiwon nasu a tsare ba.