Masu kuɗi da haraji: tambayoyin da ake ta yi a Agege da Mile 12

Tun da Shugaba Tinubu ya sanya hannu kan sababbin dokokin haraji a watan Yunin 2025, teburin mai shayi a Agege da rumfunan 'yan gwari a kasuwar Mile 12 da ke Legas ba su rabu da wannan gardama ba. Wasu na cewa a matse attajirai, wasu na cewa duk abin da aka karɓa aljihun wasu zai faɗa. Ga tambayoyin da na fi ji, da abin da zan iya cewa a kansu.

Wai da gaske ne talaka ba ya biyan haraji?

Duk wanda ya faɗi haka bai taɓa tura baro a kasuwa ba. Mai tura baro, mai sayar da albasa a faranti, ɗan acaba kafin a hana su aiki a sassa da dama na Legas a 2022, kowannensu yana yankan tikiti kusan kullum, wani ma kafin ya yi cinikin farko. Wani tikitin na ƙaramar hukuma ne, wani na ƙungiya, wani kuwa na 'yan agbero, wato 'yan kamashon tasha, da ba ka isa ka tambaye su rasit ba. Ga kuma harajin sayen kaya, wato VAT, na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda yake ɓoye a cikin farashin katin waya da takalmi da sauran kaya, ko da yake an sauke shi daga kan kayan abinci na yau da kullum.

Abin lura shi ne, VAT bai san mai kuɗi ba, bai san talaka ba. Mai gadi a Ikoyi, unguwar attajirai, da mai gidan da yake gadi, in suka sayi kati na naira dubu, harajinsu ɗaya. Amma mai gadi duk albashinsa yake kashewa kafin wata ya mutu, mai gida kuwa ɗan ƙaramin ɓangare na samunsa yake taɓawa. In ka auna da ƙarfin aljihu, mai gadin ne ya fi ɗaukar kaya.

To, me sabuwar dokar ta ce game da masu babban samu?

An tsara ta fara aiki ne daga 1 ga Janairun 2026, kuma kwamitin da Taiwo Oyedele ya jagoranta ne ya tsara ta. Naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15, daga nan hawa-hawa, kashi 18, 21, 23, har zuwa kashi 25 a kan abin da ya haura miliyan 50. Mutane da yawa suna ruɗewa a nan: ba a duk kuɗin ake ɗora kason ba, kowane mataki da nasa. Mai samun miliyan 3 a shekara, misali, naira 330,000 ke kansa, kafin a yi masa ragin kuɗin haya da na fansho.

A tsohuwar doka kaso mafi girma 24 ne. Wato a saman tsani ɗigo ɗaya aka ƙara, duk da cewa an soke wani babban rangwame da masu albashi mai tsoka suka daɗe suna amfana da shi.

Ashe kenan an gama magana, masu kuɗi za su biya fiye da kowa?

A takarda, eh. Amma akwai bambanci tsakanin samu da dukiya, kuma a nan ne gizo ke saƙa. Ma'aikacin banki a Marina ba shi da mafaka: kafin albashi ya shigo asusunsa an riga an cire rabon hukumar haraji ta jihar Legas, LIRS. Hamshaƙin attajiri kuwa ba da albashi yake rayuwa ba. Arzikinsa yana cikin hannun jari, da filaye, da gidaje, da dala a waje. Fili a Banana Island ko Lekki zai iya ninka darajarsa cikin 'yan shekaru, mai shi ya ƙara arziki yana barci, kuma harajin samu ba zai taɓa shi ba matuƙar bai sayar ba. Motarsa ta kamfani ce, direbansa kamfani ke biya, ga akantoci da lauyoyi da aikinsu kenan.

Shi ya sa nake ganin gardamar "kashi nawa" ɓata yawu ce. Ka mai da shi kashi 40 ma, in ba ka san abin da mutum ya mallaka ba, kashi 40 na me za ka karɓa?

Girman giɓin ba sai an je nesa ba. Hau gadar Third Mainland ka leƙa ƙasa, Makoko ce a kan ruwa, gidajen katako kan turaku. Ka ƙarasa tsibiri, ga Eko Atlantic da aka cike teku aka gina. A 2022 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban, mafi yawansu kuma a Arewa. Ƙasar nan ce kuma ta haifi Aliko Dangote, wanda ya daɗe yana riƙe da kambun attajirin Afirka.

Ba zakka ta wadatar ba? Attajiranmu ai suna fitarwa.

Zakka haƙƙin Allah ce, kuma abin sha'awa, ita kan dukiyar da aka tara take faɗawa, ɗaya bisa arba'in idan ta kai nisabi ta shekara. Musulmi ya san harajin dukiya tun kafin masana tattalin arziki su fara taro a kansa. Sai dai Alƙur'ani ya ƙayyade rukunin mutane takwas da ake ba wa, kuma babu hukumar da ke bin attajirin Legas ta duba ko ya cika lissafi. Buhun shinkafa da azumi alheri ne, Allah ya saka. Amma mai bayarwa ne ke zaɓar wanda zai ba wa, kuma ba ya gyara magudanar ruwa a Idi-Araba.

In aka matsa musu, ba za su kwashe kuɗinsu su gudu Dubai ba?

Wannan tsoron ba banza ba ne. Faransa ta soke harajinta na dukiya a 2018, ta bar shi a kan gidaje da filaye kawai, kuma ɗaya daga cikin dalilan da aka bayar kenan. Amma Suwizalan da Norway har yau suna karɓa. Kuɗi na da fiffike, ƙasa ba ta da shi. Matatar man Dangote da ke Lekki, mai tace ganga 650,000 a rana, ba za a naɗe ta a saka a jirgi ba, haka benayen Ikoyi. Legas tana da harajin fili da gini, kuma nan ne ya fi sauƙin kama mai dukiya. Amma da gwamnatin tsohon gwamnan jihar, Ambode, ta ɗaga shi a 2018, ihun da aka yi ya sa ta sassauta cikin 'yan makonni. Ka kwatanta da yadda aka cire tallafin mai a 2023, da kalma ɗaya a ranar rantsuwa, kuma ba a waiwaya ba.

Haɗarin da na fi gani shi ne mai gida ya juye harajin kan ɗan haya. A garin da ake neman kuɗin shekara a dunƙule, wannan ba wasa ba ne, sai an bambanta gidan haya na Mushin da katafaren gidan da ke rufe babu kowa ciki.

Ko an karɓa, wa ya ce za mu gani a ƙasa?

Bahaushe yana da dalilin jin ɗacin kalmar haraji. Kakanninmu sun ga dogarai na bin su kan kuɗin haraji da jangali, har sai da Abubakar Rimi ya soke su a Kano bayan ya hau mulki a 1979. Yau ma ɗan kasuwa a Mile 12 yana biyan tikiti, sannan ya sayi ruwa wurin mai garuwa, ya zuba mai a janareto, ya kai ɗansa makarantar kuɗi. Attajiri ma haka yake faɗa, kuma ba ƙarya ya yi ba. Bambancin kawai, shi yana iya haƙa rijiyar burtsatse ya ɗauki masu gadi, mai baro kuwa in asibitin gwamnati babu magani, sai dai ya kira gida a tura masa jiƙo a motar tumatir.