Idan 'yar wasa ta kawo kukan cin zarafi: abin da dokar Nijar ta ce

A ƙungiyoyin wasanni na unguwannin Maradi, daga Zariya zuwa Ali Ɗan Sofo, mai horaswa ne ke da wuƙa da nama. Shi ke zaɓen wadda za ta shiga fili, shi ke riƙe kuɗin mota idan za a tafi gasa Yamai ko Damagaram. Shi ya sa idan yarinya 'yar ƙwallon hannu ko taekwondo ta ja wata babba gefe ta ce "Inna, malam yana kirana ɗakin kaya bayan an tashi", abin da aka fi yi shi ne a kira dattawan ƙungiya a rufa asiri. Dokar ƙasa kuwa ba ta ba kwamitin ƙungiya wannan hurumin ba.

Kundin hukunta laifuka na Nijar, yadda aka gyara shi a 2003, ya fayyace fyaɗe a aya ta 283: saduwa kowace iri ce da aka yi wa mutum da ƙarfi, ko tilas, ko barazana, ko shammata. A lura, mutum aka ce, don haka yaran maza na ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa ma suna ciki. Aya ta 284 ta yanke kaso na shekara 10 zuwa 20, idan kuma wanda aka yi wa bai kai shekara 13 ba, 15 zuwa 30. Hukuncin na ƙara nauyi idan mai laifin yana da iko a kan wanda ya cuta.

Ko bai taɓa ta ba, akwai laifi. Aya ta 281-1 ta hana matsa wa mutum da umarni ko barazana don neman lalata, da kaso na wata 3 zuwa 6 da tarar jika 10 zuwa jika 100. "In ba ki zo ba, sunanki ba ya fita ranar wasa" irin wannan barazanar ce. A ganina hukuncin ya yi sauƙi, amma dai ƙofar ƙara a buɗe take.

Wadda aka faɗa wa, aikinta na farko saurare ne. Kada ta tambayi me ya kai ki, ko wace riga kika sa. Kada kuma ta yi alkawarin ba mai ji, domin idan yarinya ce ƙarama dole maganar ta kai ga masu kare ta. Gara ta ce mata "ba zan faɗa wa kowa ba sai wanda zai taimake ki". Ta rubuta abin da ta ji da kalmomin yarinyar, da rana da wuri. Saƙonnin WhatsApp kada a goge su. Haɗa ta gaba da gaba da wanda take zargi wai don a ji gaskiya, wannan tsoratarwa ce kawai.

Idan fyaɗe ne, likita kafin komai. Maganin kariya daga cutar sida yana aiki ne idan an fara sha cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki kuma cikin kwana 5. In da hali a tafi ba a yi wanka ba, a riƙe tufafin ba a wanke ba, saboda shaida.

Daga nan sai kwamisariya ko jandarmomi, ko kai tsaye wajen mai shigar da ƙara a babbar kotun Maradi. 'Yan sanda suna da sashen kula da yara ƙanana. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya neman hukumar ANAJJ, wadda aka kafa don tallafa wa marasa ƙarfi a shari'a. Fyaɗe babban laifi ne da hukuma ke bi da kanta, saboda haka ko iyaye sun karɓi ban haƙuri a zauren mai unguwa, mai shigar da ƙara yana iya ci gaba.

Abin da ke hannun ƙungiya shi ne ta dakatar da wanda ake zargi daga hulɗa da yara har bincike ya ƙare, ta bar yarinyar ta ci gaba da wasanta in tana so.