Ƙodar Dashe Ba Ta Yafe Fashin Magani

Wanda aka yi wa dashen ƙoda bayan doguwar wahalar wankin ƙoda, ji yake kamar an sake haifarsa. Fitsari ya dawo, kumburi ya saɓe, abinci ya koma daɗi a baki. To, a nan nake so mu yi magana, domin lokacin da majinyaci ya fi jin ƙarfi, a lokacin ne sakaci ke shigowa.

Garkuwar jiki mai gadi ce da ba ta barci, duk baƙon da ta gani sai ta far masa, ko da ƙodar ɗan'uwa ce uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya sa dashen farko da ya yi nasara, wanda Dakta Joseph Murray ya yi a Boston ta Amurka a 1954, tsakanin tagwaye masu kama ɗaya aka yi shi. Sauran mutane kuwa, sai da maganin danne garkuwa muddin ƙodar na jikinsu.

Wannan farmakin da garkuwa ke kai wa ƙodar shi ake kira ƙin karɓa. Akwai ƙin karɓa da ke aukuwa cikin mintuna ko sa'o'i bayan tiyata, amma ya yi wuya yanzu saboda ana gwada jinin mai bayarwa da na mai karɓa tun kafin aiki. Akwai na watannin farko, wanda galibi yana jin magani idan an gano shi da wuri. Wanda ya fi damuna shi ne mai cin ƙoda a hankali, shekara da shekaru, ba ciwo ba zazzaɓi.

Babban abin da ke buɗe masa ƙofa shi ne fashin magani. Tacrolimus maganin danne garkuwa ne, kuma irinsa na yau da kullum ana shan sa sau biyu a rana, sa'o'i 12 tsakani, domin kada ƙarfinsa ya faɗi a jini. Yau an manta na dare, gobe an yi tafiya an bar kwalba a gida, jibi ya ƙare ba a sayo ba. Mutum bai ji komai ba, sai ya ɗauka ba komai, alhali jiki ya fara haɗa makaman yaƙi da ƙodar. Matasa sun fi faɗawa wannan tarko. Iyaye, don Allah kada ku janye ido wai yaro ya girma.

Wasu magungunan ma suna ɓata lissafi. Rifampicin na tarin fuka yana rage ƙarfin tacrolimus, clarithromycin da lemon girefurut suna ƙara shi har ya zama guba ga ƙodar. Ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake haɗiya don ciwon jiki ba tare da tunani ba, suna cutar da ita kai tsaye. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, a bar su kwata-kwata.

Ba ƙin karɓa kaɗai ke kashe ƙodar dashe ba. Hawan jini, ciwon suga, shan taba, ƙwayar cutar BK, da dawowar ciwon da ya lalata ƙodar farko, duk suna yi.

Idan fitsari ya ragu, ƙafa ta kumbura, nauyi ya ƙaru cikin kwana biyu, zazzaɓi ya zo, ko mara ta yi ciwo daidai wurin dashen, a tafi asibiti ranar. Haka ma amai ko gudawa da suka hana magani zama. Amma sau da yawa gwajin kiriyatinin, wato gwajin jini mai nuna aikin ƙoda, ne ke fara tona asiri tun jiki bai nuna ba, don haka ranar ganin likita ba ta ɗaguwa ko da lafiya ƙalau ake ji. Ranar auna tacrolimus a jini, a bari sai an ɗebi jini sannan a sha na safe.

'Yar'uwa mai son haihuwa, ki fara gaya wa likitanki kafin ki ɗauki ciki. Mycophenolate, wani maganin danne garkuwa, yana cutar da ɗan tayi, kuma ana iya sauya miki shi da wani tun da wuri. Kada ki daina shi da kanki.