Tsutsar ciki a jikin birai masu kururuwa da ke tsare: tambayoyi da amsoshi

Wane irin biri ne wannan?

Birin dazukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne, daga kudancin Meziko har arewacin Ajantina. Masana na kiran jinsinsa Alouatta. Wani ƙashi mai rami a maƙogwaronsa ne ke sa a jiyo kukansa daga nesa ƙwarai. Ganye ne yawancin abincinsa, kuma da wuya ya sauko daga bishiya.

Me ake samu a cikinsa?

An fi samun wata siririyar tsutsa mai suna Trypanoxyuris, wadda ke fitowa ta zuba ƙwai a bakin dubura. Birin ya sosa, ya kai hannu baki, ƙwan ya sake komawa ciki. Akwai tsila mai suna Bertiella, da wata tsutsa mai suna Strongyloides, sai ƙananan halittu irin su Giardia da Entamoeba masu jawo gudawa.

To me ya sa abin ya fi tsanani a keji?

A daji kashinsa ƙasa yake faɗowa, shi kuwa yana can sama, ba ruwansa da shi. A keji kuwa inda ya yi kashi nan yake takawa, nan ake ajiye masa ruwa da abinci. Bertiella tana shiga ne idan biri ya haɗiyi wasu mitsi-mitsin ƙwari da ke cikin ƙasa. Strongyloides ma ba sai an haɗiye ta ba, fata take hudawa. Ga cunkoso, ga canjin abinci. Da yawa daga cikin biran kuma daga hannun masu kiwon su a gida aka ƙwace su, sun riga sun rame kafin su iso wurin kula.

Yaya ake ganewa?

Likitan dabbobi yana duba kashi da madubin likita. Gwaji ɗaya bai isa ba, don ƙwai ba kullum suke fitowa ba, sai an ɗebi na kwanaki daban-daban.

Magani ya wadatar?

A'a. Ana ba su fenbendazole ko ivermectin, metronidazole kuma don Giardia, amma in dai kejin yana nan da danshi da kashi, cutar za ta dawo. A ganina, ɗaga kwanon abinci sama, tare da wanke daɓe kullum, ya fi yawan ɗura magani amfani.

Mutum na iya ɗauka?

Giardia na iya wucewa daga biri zuwa mai kula da shi, haka daga mutum zuwa biri. Shi ya sa ma'aikata ke sa safar hannu su kuma wanke hannu da sabulu bayan sharar keji.