Waiwaye: Kwan Tak-hing, dattijon da ya raya sunan Wong Fei-hung

Wanda duk ya taso da kallon finafinan Chainis ya san Wong Fei-hung, ko dai wanda Jackie Chan ya fito a 1978, ko na Jet Li a 1991. Amma tun kafin su akwai wanda ya fara ɗaukar sunan a fim, wato Kwan Tak-hing.

An haife shi a 1905 a lardin Guangdong da ke kudancin Sin. Tun yana yaro ya shiga ayarin masu opera ta Kanton, wasan gargajiya da ake haɗa waƙa da rawa da faɗa a dandamali ɗaya, fuska cike da kwalliya. A can aka san shi da laƙabin Sun Liang Chau, gwanin fitowa a jarumi. Da Japan ta mamaye Sin, sai ya mai da wasan nasa hanyar tara wa ƙasa gudummawa har a Amurka, abin da ya sa ake kiransa ɗan wasa mai kishin ƙasa.

A 1949 darakta Wu Pang ya ba shi rawar Wong Fei-hung, malamin kungfu kuma mai maganin gargajiya da ya rayu a Guangzhou. Kwan ya maimaita rawar a finafinai fiye da 70, galibi Shek Kin ne mugun (shi ne dai ya fito a abokin gabar Bruce Lee a wani fim na 1973). A ganina nan ne gadonsa yake. Wong ɗin Kwan ba mai neman rigima ba ne. Dattijo ne mai haƙuri, yana tsawatar wa almajiransa, sai an kai shi bango yake ɗaga hannu, in ya ka da abokin gaba kuma ya yi masa nasiha. Tsayuwarsa da muryarsa da yadda yake zare ido duk daga dandamalin opera ya taho da su.

A 1976 ya kai rawar Wong zuwa talabijin a tashar TVB ta Hong Kong, sannan ya sake fitowa a Wong a wani fim tare da ɗan wasa Sammo Hung a 1979, yana da shekara 74. Mutane sun daina bambanta shi da Wong, shi ma ya buɗe shagon magani mai suna Po Chi Lam, sunan asibitin Wong na asali.

Ya rasu a Hong Kong a watan Yunin 1996, yana da shekara 91.