Wa Ya Ƙirƙiro Korona? Amsar Ma'aikacin Lafiya Ga Masu Gardama a Teburin Mai Shayi

An daɗe da cire takunkumi, an kwashe bokitan wanke hannu daga ƙofar bankuna da masallatai, amma gardamar asalin korona tana nan da ranta. Bayan isha'i, idan an gama da tsadar fetur da ƙwallon Ingila, sai wani ya jefo ta: "Ai Amurka ce ta haɗa ta don ta karya tattalin arziƙin Sin." Wani ya ce a'a, mutanen Sin ne suka saki abinsu. Na uku ya ce duk zancen banza ne, mura ce aka raɗa wa sabon suna don gwamnoni su samu na kashewa. A yi dariya a tashi. Mu da muke aiki a ƙananan asibitocin unguwa kuwa, washegari muke tarar da sakamakon hirar, idan uwa ta zo awon jariri ta ce maigida ya hana a yi masa allura. Shi ya sa nake so in shimfiɗa abin da aka tabbatar, da abin da har yanzu ake ja-in-ja a kai.

A ranar 31 ga Disamba, 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta samu labarin wani baƙon ciwon huhu a birnin Wuhan da ke lardin Hubei na ƙasar Sin. Da yawa daga waɗanda suka fara kwantawa suna da alaƙa da kasuwar Huanan, kasuwar kifi ce amma ana sayar da dabbobin daji da ransu a cikinta. Washegari, 1 ga Janairu, 2020, hukuma ta rufe kasuwar, aka kwashe dabbobin, aka wanke wurin. Daga baya masana suka gano cewa samfurin da aka gogo daga wasu rumfunan yana ɗauke da ƙwayar cutar haɗe da burbushin jikin dabbobi, ciki har da wata dabba mai kama da dila da ake kiwo don fatarta da namanta. Wannan shi ne ƙashin bayan hujjar masu cewa daga dabba cutar ta tsallako. Kuma ba sabon abu ba ne: cutar SARS ta 2002 a kudancin Sin ta haka ta zo, daga jemage zuwa dabbobin kasuwa zuwa mutum. Cutar MERS da ta ɓulla a Saudiyya a 2012 daga raƙuma ake ɗaukarta, shi ya sa ake gargaɗin alhazai kan shan ɗanyen nonon raƙumi.

Masu ɗaya ra'ayin su ma ba da ka suke magana ba. A cikin wannan birni na Wuhan akwai babbar cibiyar binciken ƙwayoyin cuta wadda ta daɗe tana tattara irin waɗannan ƙwayoyi daga jikin jemagu. Haɗari a ɗakin gwaje-gwaje abu ne da yake faruwa. Ita kanta SARS ta taɓa kuɓucewa daga wani ɗakin gwaji a Beijin a 2004. Tawagar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tura a farkon 2021 ta dawo ta ce da wuya ƙwarai a ce ta nan cutar ta fito, amma shugaban hukumar, Tedros, ya ce ba a ba tawagar dukkan bayanan da ta nema ba, don haka ba a rufe kowace ƙofa ba. Hukumomin leƙen asirin Amurka kansu ya rabu. FBI ta karkata ga ɗakin gwaji, CIA ta bi sahu a Janairun 2025 amma ta ce ƙarfin gwiwarta kaɗan ne, wasu kuma suna kan batun dabba. Kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce a 2025 hujjojin da ke hannu sun fi rinjaya ga dabba, sai dai ba za a yanke hukunci ba tunda Sin ta riƙe wasu bayanai.

Ni dai na fi natsuwa da batun kasuwa, domin tarihin annoba ya fi goyon bayansa. Amma ku lura da wani abu da ake cakuɗawa a majalisa: ko da ta tabbata daga ɗakin gwaji ta fito, kuskuren ma'aikaci daban, haɗa makami da gangan daban. Hukumomin leƙen asirin Amurkan da suka saɓa a kan komai sun haɗu a kan cewa ba makami aka ƙera ba.

To me ya sa maganar ta yi ta zafi haka? Saboda manyan ƙasashe sun mai da ita sandar dukan juna. Shugaba Trump ya riƙa kiranta cutar Sin. A Maris 2020 wani kakakin ma'aikatar harkokin wajen Sin, Zhao Lijian, ya mayar da martani da cewa wataƙila sojojin Amurka ne suka kai ta Wuhan. Kowa yana kare mutuncin ƙasarsa, mu kuma muna nan muna ɗaukar maganar wancan mu jefi wannan kamar mu aka aika. Wannan wasa tsoho ne. A 1983 wata jarida a Indiya ta buga cewa a sansanin sojan Amurka aka ƙirƙiri ƙanjamau. Daga baya ta fito fili cewa hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyet, KGB, ce ta shuka labarin, amma har gobe akwai masu rantsuwa a kansa. Ita ma Amurka hannunta ba fari ba ne. A 2024 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya bankaɗo yadda sojojinta suka buɗe shafukan bogi a intanet suna ɓata rigakafin korona na ƙasar Sin a Filifin, har suna rura wa Musulmi a wasu ƙasashe zargin akwai sinadarin alade a ciki. Don haka idan saƙon murya ya shigo wayarka yana kuka da sunan addini ko kishin baƙar fata, ka tambayi kanka wa ya fara naɗarsa. Sau da yawa mai naɗar bai san inda Kano ko Maraɗi suke a taswira ba, kasuwarsa kawai yake ci.

Sai kuma hujjojin da ake ɗaukowa daga finafinai da kwalabe. An yi ta yawo da hoton kwalbar Dettol mai rubutun sunan korona a baya, wai ga shaida an san da ita tun kafin 2019. Gaskiya ne an rubuta. Korona dangi ne babba, masana sun san wasu daga cikinsu tun shekarun 1960, kuma huɗu daga ciki mura kawai suke sa mutum. Ta 2019 ce sabuwa. Haka fim ɗin nan na Amurka na 2011, Contagion, da ake cewa ya tona asiri: masu shirya shi likitocin annoba suka ɗauka suka ba su shawara, su kuma suka faɗa musu abin da kowane ɗalibin fannin ya sani tun bayan SARS. Wanda ya ce maka za a yi sanƙarau a watan zafi ba duba ya yi ba. Batun cewa 5G, sabuwar fasahar sadarwar waya, ita ke jawo cutar kuwa ba ya buƙatar dogon bayani: cutar ta kashe mutane a Najeriya tun 2020, alhali sai 2022 aka fara kunna 5G ga jama'a a ƙasar.

Ba zan ce wa mutanenmu zarginsu ba shi da tushe ba, domin yana da shi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa, aka yi ta shari'a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. A 2011 CIA ta fake da rigakafin ciwon hanta a Abbottabad ta Pakistan don farautar Usama bin Ladan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Abin da nake roƙo shi ne a duba wa ya biya kuɗin gudun. Da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, ba a dawo da shi ba sai a Yulin 2004, bayan an samo wanda aka yi a Indonesiya. A wannan tsakani cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita. Masu rarrafe a bakin danja yau, waɗanda shekarunsu suka haura 20 kaɗan, wasunsu 'ya'yan wancan lokaci ne. Babu ɗan wani shugaban ƙasar waje a cikinsu. A Fabrairun 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi 9 a Kano, mafi yawansu mata masu neman na cefane. Duk da haka aka ci gaba da bi gida-gida, har aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna a ranar 25 ga Agusta, 2020.

Masu cewa korona ba ta zo nan ba kuwa, su tambayi masu haƙa kabari a Kano yadda watan Afrilun 2020 ya kasance. Ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutuwar mutum 979 a 'yan makonnin nan, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya zama sanadin korona. Dattawa ne akasari, masu hawan jini da ciwon suga, ciki har da malaman jami'a da masu sarauta. Jita-jitar magani ma ta ci nata rabon: a Legas an kwantar da mutane saboda sun ɗirki kulorakwin, kamar yadda a 2014 aka tashi mutane da asuba a waya a ce su sha ruwan gishiri maganin Ebola, har wasu suka rasa ransu.

Wani dattijo ya taɓa tare ni a zaure ranar da muke bin yaran da suka tsallake allura. Ya ciro waya daga aljihun gaba, ya kunna mini saƙo na minti bakwai, wani yana ta rantsuwa cewa allura tana kashe mahaifa. Na saurara har ƙarshe. Ya ce, "Likita, kai ma ɗa ne a wurina, faɗa mini tsakaninka da Allah." Na ce, "Baba, 'ya'yanka nawa aka yi wa lamba a kafaɗa suna jarirai?" Ya ce dukkansu. Na ce, "Jikoki fa?" Ya fara ƙirgawa da yatsu, ya kai wajen goma sha, sai ya yi murmushi ya ɗaga labule ya ce a fito da yaron. Ba kullum ake dacewa haka ba. Wani gidan ko ruwa ba a ba mu.

Abin da ya fi damuna a wannan gardama shi ne muna leƙen Wuhan alhali irin abin yana faruwa a ɗakin ajiyarmu. Zazzaɓin Lassa sunan wani gari ne a jihar Borno, inda aka fara gane shi a 1969. Ba wanda ya haɗa shi a kwalba. Wani ɓera ne mai yawan nonuwa yake ɗauke da ƙwayar, shi ba ta yi masa komai, sai ya yi fitsari da kashi a kan hatsi, ko garin da aka shanya a bakin titi, ko kwanon da aka bari a buɗe. Ya fi tsanani da rani, daga Disamba zuwa Afrilu. Yana farawa kamar zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa ake ɓata kwanaki ana zarya kemis. Duk zazzaɓin da aka sha maganin maleriya kwana biyu zuwa uku bai sauka ba, musamman da ciwon maƙogwaro, amai, kumburin fuska ko zubar jini, a tafi asibiti a faɗa wa ma'aikaci komai, domin maganin ya fi aiki idan an fara da wuri. Wasu da suka warke ma suna rasa ji. A zuba hatsi a mazubi mai murfi, a toshe ramuka, a nisanta bola da gida, yara su daina farautar ɓera suna gasawa. Haka murar tsuntsaye, wadda a 2006 aka fara ganinta a Afirka a wata gonar kaji a jihar Kaduna: kajin da suka fara mutuwa rututu ba na yankawa a kai kasuwa da araha ba ne, a kira malamin dabbobi, a binne su da zurfi. Ana iya kiran NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta Najeriya, kyauta a 6232.

Sai mashaƙo. Tun ƙarshen 2022 yake cin yara a Arewa, Kano ce ta fi kowa ɗanɗanawa, ya kuma taɓa yankin Damagaram, kuma yawancin yaran da suka kamu ba su kammala rigakafi ba. Wannan cuta ba a gardamar asalinta, an san ƙwayarta fiye da shekara 100, rigakafinta kuma kyauta ne a asibitin gwamnati. Yana cikin allurar nan mai kare cututtuka biyar da ake yi wa jariri a cinya a sati 6, sati 10 da sati 14. Ɗaya ba ta isa ba, sai an cika ukun. Zazzaɓin kwana ɗaya da yaro kan yi bayanta ba abin tsoro ba ne, jiki ne yake karɓa. Alamar mashaƙo ita ce zazzaɓi da ciwon wuya, wuyan ya kumbura, sannan wani farin abu mai kauri ya shimfiɗu a maƙogwaro ya fara toshe numfashi. Kada a kai wa wanzami ya cire beli, kada a sa yatsa a kankare, jini zai yi kuma dafin ƙwayar yana taɓa zuciya. A raba yaron da sauran yara, a kai shi asibiti a ranar, a kuma kawo 'yan ɗakinsu a duba su.

Iyaye maza, katin rigakafin nan da ke cikin kwalla ko ƙarƙashin katifa, ku karɓa ku duba da idonku yau. Idan akwai layin da ba a cike ba, ko da yaron ya wuce shekara, a kawo shi. Ba a sake farawa daga farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Idan katin ya ɓata ma a zo, muna da rajista.